Lafiyar Iyali: Jauzu, Baƙon Da Ke Zuwa Cikin Tsarabar Alhazai



A cikin tsarabar da alhazanmu kan dawo da ita daga ƙasa mai tsarki, bayan dabino da ruwan Zamzam da carbi, akan sami wata 'yar leda mai ɗauke da wasu ƙwayoyi masu lanƙwashe-lanƙwashe, launinsu ƙasa-ƙasa. Sau da yawa uwargida kan adana su a kabad don girmama wanda ya kawo, su yi watanni a can har su lalace, saboda ba a san abin da ake yi da su ba. Irin waɗannan ƙwayoyi ne kuma ake gani a manyan kantunan Duwala da Yawunde da Injamena, cikin ƙananan fakiti masu tsadar gaske. Larabawa suna kiran wannan ɗan itace jauz, mutanen Masar kuma su ce ainul jamal, wato idon raƙumi. A Faransanci sunansa noix kawai, ba tare da wani ƙari ba. A nan za mu riƙe sunan Larabcin, mu kira shi jauzu, domin kada a rikita shi da goro ko kwakwa ko yazawa, waɗanda duk Faransanci ke fara sunayensu da wannan kalma ta noix. Ɗalibin da ya yi zaman zaure ya sha cin karo da kalmar jauz a littattafai, malam ya fassara masa da abin da ya sawwaƙa, alhali daga malamin har ɗalibin babu wanda ya taɓa riƙe shi a hannu.

Itaciyar jauzu babba ce, mai tsawon rai, kuma asalinta daga yankin Farisa da tsakiyar Asiya ne. Har yanzu akwai dazuzzukanta da suka fito da kansu a duwatsun ƙasar Kirgistan, a wani wuri da ake kira Arsalanbob. Ƙasar Sin ce ta fi kowa noma ta, sai Amurka, inda kusan duka abin da ake sayarwa ke fitowa daga jihar Kalifoniya, sannan Iran da Turkiyya da Chile. Faransawa suna alfahari da na yankin Grenoble, wanda tun shekarar 1938 doka ta keɓe masa sunansa don kada a sayar da na wani wuri da shi. A nahiyarmu ana samun sa a tsaunukan Atlas na Maroko, inda mata ke goge haƙora da ɓawon itaciyar kamar yadda muke yi da asuwaki, yana haskaka haƙori yana kuma rina leɓe. Itaciyar tana buƙatar sanyin hunturu mai tsanani na tsawon makonni kafin ta yi fure yadda ya kamata. Don haka mai sha'awar shuka ta a Garwa ko Marwa ya huta da wahala, ƙasarmu ba tata ba ce.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne yadda jauzu ya shiga jerin abubuwan da ake yayatawa a wayoyin hannu. Yau a ce yana wanke jijiyoyin zuciya, gobe a ce yana ƙara wa yara hadda, jibi a ce ya isa ya maye gurbin maganin hawan jini. Akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma ƙari, kuma ƙarin nan yana iya kai mutum ga kushewa. Ya kamata mu rarrabe.

Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwayar jauzu mai ne. Cikin tafin hannu ɗaya, wato giram 28, kimanin ƙwaya 7 ke nan ko ɓari 14, yana ɗauke da kalori 185, da mai giram 18, da sinadarin gina jiki giram 4, da giram 2 na abin nan mai kama da dusa da ke sauƙaƙa aikin hanji. Akwai kuma ma'adanai irin su magneziyam da jan ƙarfe. Jin yawan man nan kan tsorata wasu, amma nau'in man shi ne abin dubawa. Kitsen dabba da man shanu suna daskarewa idan sun huce, kuma yawan cinsu na ɗaga mugun kolestarol, wanda takardar gwajin jini ke rubutawa da LDL, shi ne ke taruwa a bangon jijiyoyi yana ƙuntata hanyar jini. Man jauzu ba ya daskarewa, kuma idan ya maye gurbin wancan a abinci, LDL na sauka. Abin da ya fifita jauzu a kan gyaɗa da lauz da yazawa shi ne wani mai na dangin omega-3 da ake kira ALA, wanda jiki ba ya iya ƙera shi da kansa, dole sai an ci. Tafin hannu ɗaya yana da giram 2.5 na wannan mai, alhali abin da masana abinci a Amurka suka ƙayyade ya wadatar a yini shi ne giram 1.6 ga namiji da giram 1.1 ga mace. Fatar nan kuma siririya mai bauri da ke lulluɓe da ƙwayar, wadda yara ke son ɓarewa su yar, a cikinta ne mafi yawan sinadaran da ke kare jiki daga lalacewar ƙwayoyin halitta suke.

Binciken da ya fara jawo hankalin likitoci an buga shi ne a shekarar 1993. Wani likita mai suna Joan Sabaté, na Jami'ar Loma Linda a Kalifoniya, ya ciyar da maza 18 masu lafiya abinci iri biyu, kowanne na tsawon mako 4, ɗaya da jauzu ɗaya babu. A lokacin da suke cin mai jauzun, kolestarol ɗinsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 12 cikin 100. Mutum 18 ba su da yawa, kuma an ba su jauzu mai yawan da ya ninka tafin hannu sau uku, amma daga nan ƙofa ta buɗe. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakiti cewa cin kimanin giram 42 a yini, a cikin abincin da ba shi da yawan kitse, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Sai dai ta wajabta a ƙara da cewa hujjar tana goyon bayan hakan ne, ba ta kai ga yanke hukunci ba. Mun ga wannan taka-tsantsan ya dace a yi koyi da shi.

Babban gwaji shi ne wanda aka yi a ƙasar Sifen, mai suna PREDIMED. An ɗauki mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80, waɗanda ke da ciwon sukari ko hawan jini ko wasu abubuwan da ke kusantar da mutum ga ciwon zuciya, aka bi su kusan shekara 5. Wani rukuni daga cikinsu an ba shi giram 30 na ƙwayoyin itatuwa kullum, rabinsu jauzu, a kan abincin mutanen bakin Bahar Rum mai yawan ganye da wake da kifi da man zaitun. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu a wannan rukuni da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka ce su rage mai kawai, kuma raguwar ta fi bayyana a shanyewar jiki. An fara buga sakamakon a 2013, daga baya aka gano kurakurai a yadda aka rarraba wasu mahalarta, aka janye shi, aka sake lissafi aka buga a 2018, sakamakon bai canja sosai ba. Abin lura a nan shi ne mutanen ba jauzu kaɗai suka ci ba. Wanda zai cika cikinsa da soyayyen nama da lemon kwalba sannan ya bi da ƙwaya 7 ta jauzu, bai yi abin da mutanen Sifen suka yi ba.

Akwai wani gwajin da ya fi nuna girman amfanin jauzu shi kaɗai. An yi shi a Basalona da Loma Linda a kan tsofaffi 708 masu shekara 63 zuwa 79, rabinsu suna cin giram 30 zuwa 60 kullum har shekara 2. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna LDL ya sauka da kimanin miligiram 4 a kowane desilita, wato 0.04 a ma'aunin giram a lita da ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi. Raguwa ce ta gaske, amma ƙarama. Magungunan rage kolestarol na dangin statin suna saukar da shi da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Saboda haka muna kira ga dattawanmu da babbar murya, duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na kolestarol ko na sukari, kada ya ajiye shi don ya samu jauzu. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma gidaje nawa muka sani da maigida ya kwanta lafiya ya tashi da shanyayyen hannu bayan ya bar shan magani bisa shawarar wani saƙon waya.

Game da ƙwaƙwalwa kuwa, zancen tsoho ne. Ƙwayar jauzu ta yi kama da ƙwaƙwalwa cikin ƙoƙon kai, kuma masu maganin Turai na zamanin da suna ganin duk tsiron da ya yi kama da wata gaɓa to maganinta ne. Wancan gwaji na tsofaffi 708 ya auna tunani da riƙe abu a ka, kuma sakamakon da aka buga a 2020 bai sami bambanci a fili tsakanin masu ci da marasa ci ba, in ban da wata 'yar alama a rukunin Basalona. Dalili ɗaya shi ne omega-3 ɗin da ƙwaƙwalwa ta fi aiki da shi irin na kifi ne, kuma jiki ba ya iya juya na jauzu zuwa wancan sai ɗan kaɗan. Uwar da ke son ɗanta ya riƙe karatu, kifin sardin ko makeru sau biyu a mako, da ƙwai, da isasshen barci, da maganin zazzaɓin cizon sauro a kan lokaci, sun fi mata fakitin jauzu. Haka nan batun haihuwa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun ba wasu daga cikin samari 117 giram 75 kullum na mako 12, suka ga ingancin ƙwayoyin haihuwarsu ya ƙaru. Ba su auna ko an samu ciki ba. Ma'auratan da suka shekara ba labari, asibiti ya kamata su nufa su biyu, jauzu ya zama ƙari.

Ga masu ciwon sukari labarin mai daɗi ne, domin jauzu ba ya ɗaga sukarin jini, kuma yana riƙe ciki. Masu tsoron ƙiba ma an ga cewa tsofaffin nan ba su ƙara nauyi ba a shekara biyun, saboda ƙoshin da yake sa wa yakan rage cin wani abu. Sharaɗin shi ne ya shiga a madadin biskit da cincin da soye-soyen yamma.

Yanzu sai maganar aljihu, wadda masu talla ba sa so a yi. Giram 30 kullum na nufin giram 900 a wata ga mutum ɗaya, kuma idan mai ɓawo aka saya, rabin nauyin ko fiye ɓawo ne, sai an sayi kusan kilo biyu. A gidan da ake da baki goma, wannan ba abin da za a fara ba ne. Ba ma so magidanci ya ji kamar ya gaza don bai iya sayen abin da aka yi wa dakon jirgi daga Kalifoniya ba. Gyaɗarmu ba ta da ALA sai abin da ba a rasa ba, amma manta irin na zaitun ne a mafi yawansa, mai kyau ga jijiyoyi. A 2015 masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun buga nazarin mutum sama da 200,000, cikinsu akwai baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi a kudancin Amurka da mutanen birnin Shanghai, waɗanda mafi yawan abin da suke ci a wannan fanni gyaɗa ce. Masu yawan cinta sun fi ƙarancin mutuwa a tsawon nazarin da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Nazari ne na lura kawai, bai kai ƙarfin gwaji ba, amma ya isa ya sa mu daina raina abin da ke gabanmu. Gyaɗa gasasshiya marar gishiri, da riɗi, da waken suya, suna nan a kowace kasuwa.

'Yan'uwanmu mazauna kudu kuma suna da wani abu a kusa da su. A dazuzzukan kudancin Kamaru da kudancin Najeriya akwai wani tsiro mai hawa bishiya, 'ya'yansa na da baƙin ɓawo da farar ƙwaya, ana dafa su ana tallarsu a tashoshin mota lokacin damina. Yarabawa na kiransa asala ko awusa, Ibo kuma ukpa, a littattafai ana ce masa jauzun Afirka. Ba dangin jauzun Farisa ba ne ko kaɗan, ya fi kusa da zurman. Amma shi ma mansa cike yake da ALA. Wanda ya taɓa cinsa ya san idan aka bi shi da ruwa baki kan yi ɗaci na ɗan lokaci, wannan ɗabi'arsa ce. A saye shi da ɗuminsa, domin dafaffe ba ya kwana biyu a zafi, da ya fara yauƙi sai a zubar.

Wanda Allah ya hore wa ya sayi jauzu, ko aka kawo masa tsaraba, babban abokin gabansa zafi ne. Man da ya ba shi daraja shi ne kuma mai saurin lalacewa idan ya haɗu da iska da rana. Mai kyau yana da ƙamshi mai sauƙi da ɗan zaƙi a bayan baurin. Wanda ya lalace yana warin tsohon mai, kusan irin warin fenti, yana kuma ɗaci mai kama maƙogwaro. Mai ɓawo ya fi jure ajiya, a zaɓi mai nauyi a hannu wanda bai tsage ba. Ɓararre kuwa a zuba shi a kwalba mai murfi a sa a firiji, zai kai wata shida, a wurin ƙanƙara kuma shekara. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a sayi kaɗan a cinye cikin mako biyu ko uku. Duk ƙwayar da aka ga funfuna a jikinta a jefar da ita, kada a ce za a wanke ko a gasa. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara da irin waɗannan ƙwayoyi tana fitar da dafin aflatoksin, wanda wutar girki ba ta kashe shi, kuma yana haddasa kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu.

Hanyar ci mafi sauƙi ita ce a ci shi haka nan, da safe ko da la'asar. Wanda baurin ya dame shi ya jiƙa shi a ruwa na 'yan sa'o'i ya tsane, amma ya cinye a ranar, domin jiƙaƙƙe ba ya ajiyuwa. Ana kuma iya gasa shi sama-sama a busasshen kasko na 'yan mintoci, ana juyawa, da ƙamshi ya tashi a sauke, don saurin ƙonewa gare shi. Larabawa sukan cire ƙwallon dabino su cusa ɓarin jauzu a gurbinsa, kuma ba mu san abin buɗa-baki da ya fi wannan dacewa ba, zaƙin dabino na kashe baurin, man jauzu kuma na rage saurin shigar sukari jini. Mai ciwon sukari dai ya tsaya a dabino ɗaya ko biyu. A Sham da Masar ana cusa shi a cikin ƙaɗa'if, wani abu mai kama da wainarmu da ake naɗewa a watan azumi. Mutanen Halab suna niƙa shi da gasasshen jan tattasai da ruwan rumman su yi muhammara, ana dangwala da burodi. A Iran akwai miyar fesenjan, inda ake niƙa jauzu a dafa shi a hankali da kaza da ruwan rumman har mai ya taso, wadda duk matar da ta iya miyar gyaɗa za ta gane hanyarta nan take. Faransawa kan barbaɗa shi a salak, su kuma matse mansa su zuba a kan ganye. Wannan mai ba na suya ba ne, wuta mai ƙarfi na ɓata shi.

A ɗakin girkinmu kuwa wurarensa a bayyane suke. A daka shi sama-sama a zuba a kindirmo ko a fura da nono, a rage sukari. A kwaɗon zogale ko na rama, a raba ƙuli-ƙuli biyu, rabi a maye shi da dakakken jauzu, a zuba shi a ƙarshe bayan ganyen ya huce. A kunun gyaɗa ko na gero a barbaɗa cokali ɗaya a kofi lokacin sha. A dambu ma yana shiga. Tsohon da haƙora suka yi wa ƙaranci a niƙa masa ya yi laushi a haɗa da ayaba. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne irin wanda ake sayarwa an lulluɓe shi da gishiri ko narkakken sukari, da kuma baƙlawa da ke ninƙaya a ruwan zuma, waɗannan kayan biki ne.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba ƙwaya ko ɓarin jauzu, haka ma gyaɗa, domin tana iya faɗawa hanyar numfashi ta shaƙe shi. A niƙa masa a cikin kunu. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya jituwa da shi sam. Idan bayan an ci aka ga borin jini, ko kumburin leɓe da harshe, ko amai, ko numfashi ya fara sarƙewa, a garzaya asibiti a lokacin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kuma wannan mutum ya bar jauzu har sai likita ya duba shi. Masu shan Levothyrox saboda matsalar maƙoƙo su sani cewa jauzu na rage shigar maganin jiki idan aka haɗa su lokaci ɗaya. Su sha maganinsu da sassafe kafin su ci komai kamar yadda aka umarce su, jauzun kuma su bar shi sai da rana ko da yamma.